Tsohon Gem A Sabon Kwali: Sharhi Kan Tsadar Wasannin Da Aka Yi Wa Gyaran Fuska

Wata ranar Asabar na kai yarona aski a wani shago da ke kan titin Camberwell Road, muna zaune muna jiran layi sai gardama ta kaure tsakanin wasu samari uku, biyu 'yan Najeriya, ɗaya ɗan Gana. Da farko na ɗauka ƙwallo ce, don ita ce ta saba raba kan mutane a wannan shago, ashe maganar kuɗin gem suke yi. Ɗayansu yana rantsuwa cewa ya daina ba kamfanonin wasannin bidiyo ko kwabo a kan wasan da ya riga ya buga tun yana firamare, ɗayan kuma yana ce masa ai ba wanda ya ɗora masa wuƙa a wuya, in bai so ya bari. Ni dai ban tsoma baki ba, amma har muka sauka daga bas a Camberwell Green maganar tana yi mini yawo a kai, domin ni ma ina cikin waɗanda ake farautar aljihunsu da wannan ciniki.

Wanda duk ya tashi a Kano a shekarun 2000 ya san gidan gem. Namu wani ɗan shago ne a Fagge, talabijin uku a jere, benci biyu, da ƙaramin janareta a bakin ƙofa saboda halin NEPA. Naira 20 muke biya a buga mana wasan ƙwallo ɗaya na Winning Eleven a kan PlayStation 2, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na baya. In mai shagon ya ga dama da yamma sai ya saka San Andreas, mu taru a bayan mai bugawa kowa yana ba da umarni. Ba na jin akwai faifai na asali ko guda a shagon nan. Duk kwafi ne da ake samowa a Sabon Gari da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa biyu ba, na'urorin kuma an riga an yi musu aiki a ciki don su karɓi irin wannan faifan. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada in zo ina wa'azin gaskiya alhali ni ma da kwafi na girma. Yaran wancan benci yanzu mun haura shekara 35, wasunmu muna Landan, wasu Jidda, wasu Amurka, muna da albashi da 'ya'ya da kewar ƙuruciya, kamfanonin kuma sun san da haka sarai.

Kafin mu shiga lissafi ya kamata mai karatu ya san cewa abu uku ne ake cakuɗawa a wannan magana. Akwai ɗauko tsohon wasa yadda yake a ɗora shi kan sabuwar na'ura. Akwai abin da Turawa ke kira rimasta, wato gyaran fuska, a goge hoton ya ƙara haske, a gyara sauti, amma ginin yana nan yadda yake. Sai kuma rimek, wato rushe gidan a sake gina shi daga tushe bisa tsohon zane. Wahalar ukun ba ɗaya ba ce, kuɗin da ake kashewa ma ba ɗaya ba ne, amma idan ka duba farashi sau da yawa sai ka ga kusan ɗaya ne. Daga nan fushin mutane ya samo asali.

Misalin da ya fi shafarmu shi ne na San Andreas ɗin nan. A ranar 11 ga Nuwamba 2021 kamfanin Rockstar ya fitar da tarin wasanninsa uku, GTA III na 2001, Vice City na 2002 da San Andreas na 2004, a kan fam 55 babu kwabo ɗaya a nan Birtaniya. Kafin fitowarsu sai da kamfanin ya janye tsofaffin na asali daga shagunan intanet, ta yadda wanda ke son su ba shi da zaɓi sai sabon. Da aka buɗe kaya sai aka tarar da ruwan sama da ke rufe wa mai wasa ido, fuskokin mutane sun karkace, rubutun jikin shaguna cike da kurakurai, sannan waƙoƙi da dama sun ɓace saboda lasisinsu ya ƙare, ciki har da na Michael Jackson a Vice City. Makin da masu wasa suka ba shi a shafin Metacritic bai kai 1 cikin 10 ba. Bayan kwana takwas kamfanin ya fito ya nemi afuwa, ya kuma yi alkawarin dawo da na asali ga masu kwamfuta. Babban gyaran da ya maido wa wasannin kamanninsu na da kuwa bai iso ba sai Nuwamba 2024, shekara uku cur bayan an karɓi kuɗin mutane. Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to a nan an ci ladan an ɗage askin.

Ba a gama da wannan ba sai ga Red Dead Redemption, wasan 2010, an ɗora shi kan PlayStation 4 da Nintendo Switch a watan Agusta 2023 a kan fam 40 a nan, dala 50 a Amurka. Ba a sake zana komai ba, sashen da ake bugawa da abokai ta intanet ma an cire shi. Da aka tambayi shugaban kamfanin Take-Two, Strauss Zelnick, wanda Rockstar ke ƙarƙashinsa, sai ya ce a ganinsu wannan shi ne farashin da ya dace da kasuwa. Mutane sun yi masa caa, amma ni a ganina shi ne ya fi kowa faɗar gaskiya a cikinsu, domin ya nuna cewa ba wahalar aikin ake aunawa ba, abin da mai saye zai iya jurewa ake aunawa.

Sony ma ba a bar ta a baya ba. The Last of Us ya fito a 2013, an yi masa gyaran fuska a 2014, sannan aka sake gina shi a 2022 aka sa masa fam 70. Labari ɗaya, an sayar da shi sau uku cikin shekara tara. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na Horizon Zero Dawn a 2024. Kamfanin ya ce duk mai tsohon zai iya komawa sabon da dala 10 kacal, abin yabo, sai kuma aka wayi gari an ninka kuɗin tsohon a shagon PlayStation daga dala 20 zuwa 40 don kada wani ya bi ta ƙofar baya ya samu araha. Duk wanda ya taɓa zama a Kantin Kwari ana gobe Sallah ya san wannan salo.

Amma gwanayen sana'ar su ne Nintendo. A Satumba 2020 suka haɗa tsofaffin wasannin Mario guda uku a kwali ɗaya a kan fam 50, suka kuma sanar cewa daga 31 ga Maris 2021 za a daina sayarwa, har da wanda ake saukewa ta intanet, wanda ba a ajiye shi a sito balle a ce ya ƙare. An yi ta surutu, amma an sayar da fiye da miliyan 9. Sai a Oktoba 2025 suka dawo da ɗaya daga cikin ukun nan, Super Mario Galaxy na 2007, suka haɗa shi da ƙaninsa na 2010 a kan dala 70, alhali kuwa tun 2011 kamfanin da kansa ya taɓa sayar da na farkon a dala 20. Wato kaya ne da ke ƙara tsada yana tsufa, kamar fili a Nasarawa.

Yanzu bari mu ba ɗaya ɓangaren hakkinsa, don ba duk abin da kamfanonin ke faɗa ne ƙarya ba. Na farko, fam 40 da ake sayen sabon wasa a 2004, idan aka yi lissafin hauhawar farashi, ya tasam ma fam 70 na yau, don haka a takarda kuɗin wasa bai tashi sosai ba. Na biyu, yin sabon wasa ya zama caca mai cin dukiya. Takardun da suka fito a shari'ar hukumar ciniki ta Amurka da Microsoft a 2023 sun nuna cewa The Last of Us kashi na biyu ya ci wa Sony kimanin dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma miliyan 212. Wasa ɗaya irin wannan in ya faɗi yana iya tafiya da kamfani gaba ɗaya. A Fabrairu 2024 Sony ta sanar da sallamar ma'aikata kusan 900, ta kuma rufe sashenta na nan Landan da ya yi SingStar da EyeToy. Tsohon wasa kuwa an riga an san yana da masoya, talla ma rabinta ƙuruciyar mutane ta riga ta yi. Na uku, gyaran ba koyaushe yake da sauƙi ba. Lokacin da Konami ta sake fitar da Silent Hill 2 da 3 a 2012, masu aikin sun bayyana cewa cikakken rubutun asali na wasannin ya ɓata, da ragowar da ba a kammala ba suka yi aiki. Ga kuma kuɗin lasisin waƙoƙi da motoci da sunayen 'yan ƙwallo. Wannan na ƙarshe shi ya sa nake ganin da wuya mu ga an dawo mana da Winning Eleven ɗinmu yadda muka san shi, da Adriano da Henry da Okocha a ciki.

Duk da haka hujjar tana da rami. Idan tsadar yin sabon wasa ce ta sa kuɗi ya tashi, me ya haɗa ta da wasan da ya riga ya maido da kuɗinsa ninki-ba-ninki shekara 15 da suka wuce? Ana karɓar kuɗin tsohon ne don a cike giɓin sabon, sai dai ba a faɗa wa mai saye hakan. Kuma akwai waɗanda suka nuna cewa ana iya yin abin da mutunci. A Fabrairu 2024 kamfanin Aspyr ya fitar da Tomb Raider uku na farko, waɗanda asalinsu a garin Derby na nan Ingila aka ƙirƙiro su daga 1996, duka ukun a kan fam 25, har da maɓallin da mutum zai latsa ya koma tsohon hoto in ya ga dama. Metroid Prime da Nintendo ɗin nan dai ta gyara a 2023 dala 40 ne, aka yi ta yabo. Oblivion na 2006 da aka sake wa kamanni gaba ɗaya a Afrilu 2025 dala 50 ne, cikin 'yan kwanaki mutum miliyan 4 suka buga shi, ba a ji hayaniyar farashi sosai ba. Ashe mutane ba biya suke ƙi ba, so suke su ga aikin da ya kai kuɗin.

Batun hauhawar farashi kuma wuƙa ce mai kaifi biyu. Kamfani yana cewa fam ya rage daraja, to aljihun mai saye fa? A Oktoba 2022 hauhawar farashi a Birtaniya ta kai kashi 11.1 cikin 100, wadda ba a ga irinta ba cikin shekara 41, a daidai lokacin da ake neman fam 70 a kan wasan 2013. Mafi ƙarancin albashi na awa ɗaya ga babba ya zama fam 12.21 a Afrilu 2025. Wato ɗan uwanmu da ke aikin gadi ko kula da tsofaffi ko shara a asibiti sai ya tsaya kusan awa shida kafin ya haɗa kuɗin wasa ɗaya, ba a ma cire haraji ba. Mu kuma 'yan ci-rani muna da wani ma'aunin da Bature ba shi da shi. A 2025 fam ɗaya yana kusan naira 2,000, don haka fam 70 ya kama wajen naira 140,000, albashin wata biyu ke nan na ƙaramin ma'aikaci bisa naira 70,000 da aka amince da ita a Yuli 2024. Ni dai ba na iya ganin farashin gem ba tare da ƙwaƙwalwata ta mayar da shi buhun shinkafa ba, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Amma abin da ya fi damuna a wannan lamari ya wuce tsada. Saurayin nan na shagon aski da ke cewa in ba ka so ka bari, maganarsa za ta yi daidai ne idan tsohon kayan yana nan a kasuwa. To ba ya nan. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta Amurka ta fitar a Yuli 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa ta halal. Nintendo ta rufe shagon intanet na Wii U da 3DS a Maris 2023, Microsoft ta rufe na Xbox 360 a Yuli 2024. PlayStation 5 ba ta karanta faifan PlayStation 2 ko 3. A Fabrairu 2024 shagunan GAME na nan ƙasar suka daina karɓar tsofaffin wasanni a musanya, sannan a Nuwamba na shekarar aka fito da PlayStation 5 Pro a kan fam 700 babu ma wurin saka faifai, a lokacin sai ka ƙara fam 100 ka saya daban. Da, idan yaro ya gama wasa sai ya ba maƙwabci aro, ko ya kai Walworth Road ko Rye Lane ya sayar ya ciko ya ɗauki wani. Wanda aka sauke ta intanet ba a sayar da shi, ba a gadonsa. Ana toshe rijiyoyin unguwa ɗaya bayan ɗaya, sannan a ce wa mutum ai ba dole ne ya sayi ruwan mai tanka ba.

Kuma ko wanda ka biya ɗin ba lalle ya zama naka ba. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe wasan tseren mota mai suna The Crew, wanda ya fito a 2014, har masu faifai a hannu suka kasa buga shi. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games wanda wani Ba'amurke mai suna Ross Scott ya fara. Ƙorafinsu ga Tarayyar Turai ya haura sa hannu miliyan 1 a Yuli 2025, na nan Birtaniya kuma ya tara kusan 190,000, har 'yan majalisa suka yi muhawara a kansa a Westminster ranar 3 ga Nuwamba 2025. Gwamnati ta ce ba ta da niyyar sauya doka. Jihar Kalifoniya ta ɗan motsa, domin daga 2025 dokarta ta tilasta wa shagunan intanet su bayyana wa mutum cewa izinin amfani yake saya, ba kayan ba. A nan Landan ma akwai ƙarar da wata mai fafutukar kare masu sayayya, Alex Neill, ta shigar da Sony a 2022 a madadin mutum kusan miliyan 9, tana zargin cewa kashi 30 cikin 100 da kamfanin ke yanka a shagonsa na intanet, inda ba shi da kishiya, yana ɗaga wa jama'a farashi. Kotun da ke sauraron ƙararrakin gasar kasuwanci ta amince a Nuwamba 2023 a ci gaba da shari'ar.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zama baƙo a wurinmu ba. Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa finafinan da suka cika Ƙofar Wambai a shekarun 2000, nawa ne aka adana yadda ya kamata? Kaset ya ci ƙura, faifai ya karce, wanda ya tsira sau da yawa wani ne ya kwafa ba da izini ba ya ɗora a YouTube. Haka abin yake a duniyar gem. Masu kwafi da kamfanoni ke kira ɓarayi su ne suka riƙe dubban wasannin da masu su suka watsar. Ban ce satar fasaha daidai ba ce, wanda ya yi aiki ya cancanci ladansa, kuma mun ga yadda kwafi ya durƙusar da 'yan fim a Kano. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan mai gidan ne da kansa ya tsaga bangon.

To laifin na kamfanoni ne su kaɗai? A'a. Miliyan 9 ɗin nan na Mario ba aljanu ne suka saya ba. Mukan yi zagi da safe mu biya da dare, shi kuma akantan kamfani ba ya karanta zagi, rasit yake karantawa. Muddin haka ta ci gaba, hasashena shi ne farashin zai ƙara hawa, musamman tunda Nintendo ta riga ta fasa shingen dala 80 da Mario Kart World a Yuni 2025. Idan sabo ya koma 80, tsohon da ake sayarwa 50 zai ga cewa 60 ma araha ce.

Ga iyaye 'yan uwana da yara ke tasa wa a gaba, ga ɗan abin da na koya. Kada a sayi wasa tun kafin ya fito, kuma kada a saya a makon farko. Banda na Nintendo da ba su cika sauka ba, yawancinsu kan faɗo sosai cikin 'yan watanni, musamman a rangwamen ƙarshen Nuwamba da na Janairu. In akwai zaɓi a ɗauki faifai, don shi ne kaɗai za ka iya sayarwa gobe. A kuma sani cewa dokar kare masu sayayya ta 2015 ta haɗa da kayan da ake saukewa ta intanet, idan abu ya zo da aibi kana da hakkin a gyara, in gyara ya gagara a rage maka kuɗi. Shagon Steam na kwamfuta yana mayar da kuɗi cikin kwana 14 matuƙar ba ka buga fiye da awa biyu ba, shagon PlayStation kuwa da zarar ka fara saukewa wannan dama ta wuce sai in wasan na da aibi.

Ni abin da na yi a ƙarshe shi ne na samo tsohuwar PlayStation 2 ta hannu a wani shagon gwanjo, da hannu biyu da faifan ƙwallo na 2006, na ƙara 'yar na'urar da ke haɗa ta da talabijin na zamani, duka kuɗin bai kai na sabon wasa ɗaya ba. Ranar Lahadi na zaunar da yaron na ce yau zai ga abin da babansa ya iya. Ya kalli allon ya tambaye ni me ya sa fuskokin 'yan wasan suka yi kama da dankali, sannan ya ɗauki Brazil ya zura mini uku babu ko ɗaya. Da na aika wa ƙanina hoton na'urar a Kano, amsar da ya turo ita ce mai shagonmu na Fagge ya daɗe da mayar da wurin shagon cajin waya da POS, amma ɗaya daga cikin talabijin ukun nan tana nan a saman kanta, da ita yake kallon ƙwallo.